Giginyar da Gwaggo Ke Nunawa

In aka ce in faɗi abin da Gwaggo ta ci mini a duniya, ba sai na yi dogon tunani ba: giginya biyu, jaki ɗaya, da filin shago a bakin kasuwa. Kowace giginya in an fasa ta za ta ba da azara talatin da 'yan kai, baƙar azara irin wadda gara ba ta taɓawa. Jakin shi ne ƙarfafan jakunana. Filin kuwa har yau in na zo wucewa sai na kau da kai. Na fara da wannan ne don ni ɗan kasuwa ne, ban iya tsara magana irin ta malamai ba. Abin da na iya shi ne awo. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sa ta huta.

Lokacin girbi ta rasu, ruwan fadama ya fara ja da baya, masunta na ta banda. Zaurenmu bai ɗauki 'yan gaisuwa ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya, kuma yawancin tabarmin nan saƙarta ce. Kowa ya zo da abin da ya riƙe nata. Matan unguwa suka ce ba a taɓa aika mata da akushi ya dawo ba komai ba. Wani tsohon masunci ya ce shekarar da ruwa ya ci ƙauyensu, a ɗakinta matarsa ta haihu. Wani falke da ban ma gane shi ba ya ce ai shi ma ta taɓa raka shi tudu, alhali kwana kawai ya yi a zaurenmu. Majemin da ke bayan gidanmu, wanda suka yi shekaru suna faɗa da ita kan warin fata, shi ya fi kowa kuka, har liman ya ce masa ya yi haƙuri haka nan.

Magini kuwa ya yi gaisuwa, ya shafa fatiha, sannan ya matso kusa da kunnena.

"Maigida, ba don yau ba ne, amma in an share makoki sai mu duba maganar giginyar nan. Ai yanzu babu mai hanawa."

Na ce masa, "Ka bari tukuna."

Maganar giginyar nan ita ce zan ba da, domin duk wanda ya fahimce ta ya san Gwaggo.

Yayar mahaifina ce. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan kakanmu da ɗanta guda ɗaya, wanda nake kira Yaya. Mahaifiyata ba ta daɗe a duniya ba, don haka a hannun Gwaggo na tashi. Kakarta daga bakin Tafkin Chadi aka zo da ita, shi ya sa in ranta ya yi fari sai ta tarbe ka da "wushe, wushe", in kuwa ya ɓaci sai ta juye faɗa da Barbarci, wanda ba ma ji amma muna ganewa sarai. Kullum haƙoranta ja da goro da fure, kullum akwai kaba a hannunta tana saƙa. Ba ta kirana da sunana. Tun ranar da ta ga na sayi sikeli na rataye a rumfata na zama Mai Sikeli, ko a gaban surukaina.

Gabas da Haɗeja, bayan an fita ƙofa an ɗan taɓa tafiya, akwai wata jigawa da mu a gidanmu muke kira tudun rakiya. Mutumin ƙasar duwatsu zai yi dariya in ya ji mun kira ta tudu, rairayi ne kawai da 'yan goriba. Amma ƙasarmu shimfiɗe take, saboda haka in ka hau sai ka ga garin gaba ɗaya kamar an ajiye shi a faifai: ganuwa ta zagaye shi, sorayen fada sun ɗaga kai, hayaƙin masu banda na tashi ta bakin kogi, kogin yana ƙyalli, garken tsuntsayen dinya na sauka a fadama. Can cikin gari, ta wajen unguwarmu, kawunan giginya uku sun fi komai tsawo.

Duk wanda zai yi doguwar tafiya daga gidanmu, ko gabas za shi ko yamma, sai Gwaggo ta kai shi tudun nan. Ba ta yarda da rakiyar bakin ƙofa ba. In an hau sai ta kama kafaɗunka ta juya ka.

"Nuna mini gidanku."

In ka yi ta lalube sai ta ɗaga hannunka da kanta. "Ga ta can, ta tsakiya, mai karkataccen wuya. Kakanku ya shuka ta. Muddin kana ganinta, gida yana nan." Sai ta danƙa maka ƙullin yajin daddawa ta ce, "To je ka." Ba ta ƙara ko kalma, ba ta kuka, kuma ba ta sauka sai ka ɓace mata.

Haka ta yi wa Yaya ranar da ya bi ayarin wani malami zuwa hajjin ƙasa. Ina yaro a lokacin, ina riƙe da bakin zanenta. A zamanin nan mai zuwa Makka da ƙafa yakan yi shekaru, yana tafe yana tsayawa ƙwadago. Wasu su dawo da furfura, wasu ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Yaya ya shiga cikin na biyun. Da farko akan sami mai dawowa ya ce ya gan shi a wani gari bayan Borno. Daga baya shiru. Ni na girma, na fara da ɗaukar banda a ka, na koma jaki, na shiga fata, da aka kawo hanyar jirgi Malam Madori na shiga gyaɗa. Gwaggo ba ta taɓa cewa Yaya ya mutu ba, ba ta kuma taɓa cewa yana nan ba. In an yi tuwo dai takan ce a rage kaɗan a tukunya, "ko baƙo zai zo".

Shekarar da aka ba ni fili a bakin kasuwa, sharaɗin shi ne in gina in rufe kafin damina, in ba haka ba a ba wani. Tubali ba wuya. Azara ce babu, duk masu gini a tasha sun saye. Sai na ɗaga kai na ga azarata tsaye a tsakar gidanmu. Na kira magini. Ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa gindinta, ya ce namiji ce, ga ta miƙe sambal kamar mashi, ba inda za a yar.

Gwaggo na zaune a ƙofar ɗakinta tana saƙa.

"Mai Sikeli, me wannan yake shafawa?"

"Gwaggo, dubawa kawai yake yi."

"To ya duba da ido. In ya ƙara taɓa ta zan duba shi da muciya."

Da magini ya fita na zauna na yi mata bayani irin na hankali. Na ce giginyar nan ba ta 'ya'ya, ba a cin komai nata, ganyenta in ya faɗo yana iya fasa kan yaro. Na ce shago zai ciyar da gidan nan har jikoki. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai daina saƙa ba.

"Ka gama?"

"Na gama."

"In Yayanka ya hau tudu ya duba bai gan ta ba, sai ya ce mun watse. Ya juya. Kai za ka bi shi da shagon?"

Na ce, "Gwaggo, yau shekara nawa?"

Abin da ta ce da Barbarci ban ji ba, amma ta daina cin abincin da matata ta dafa, ta koma girka nata a ɗan murhu. Gidan ya yi tsit. Matata ta ce ko dai in haƙura ko in nemo mata, ita matar tawa, inda za ta zauna kafin mu shirya da Gwaggo.

Ana cikin haka ƙanena ya tashi tafiya Kano, muka hau tudu rakiya. Gwaggo ta juya shi, ta ɗaga hannunsa, "ta tsakiya, mai karkataccen wuya". Nan maganar magini ta faɗo mini. Sambal kamar mashi. Tun ina yaro ake nuna mini giginyar nan ban taɓa tambaya ba, domin wanda ke gindin giginya ba ya duban wuyanta. Sai da na dube ta da idon mai saye na san tamu ba ta da karkata ko kaɗan.

Na sami wani mai hawan dabino na ba shi tsohon rawanina, na ce ya ɗaure shi can saman giginyarmu. Sannan na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Gwaggo na ce ina roƙon ta raka ni tudu, akwai abin da zan nuna mata. Ƙafarta ta fara ciwo a lokacin, saboda haka na ɗora ta a kan jakina, wannan ƙarfafan, na ja akala da kaina.

Da la'asar muka hau. Idonta na kusa ya raunana, amma na nesa garau yake.

"Gwaggo, nuna mini gidanmu."

Ta harare ni, ta nuna ta tsakiya.

"To dubi ta hagu, gajerar. Me kika gani?"

Farin rawani yana kaɗawa a kanta.

Ta daɗe tana kallo. Ta sauko daga kan jaki ba tare da na taimaka mata ba, ta sa hannu ta kare rana, ta sake dubawa. Ni kuwa a raina na riga na fara jera azara.

"Waccan ta tsakiyar ta wa ce?"

"Ta majemi ce, Gwaggo. Tana bayan katangarmu."

"Ikon Allah," in ji ta. "Ranar da Turawa suka shigo garin nan da yaƙi, nan aka gudo da mu. Ina kallon hayaƙi, innata ta nuna mini ita ta ce, kin ga gidanmu yana nan. Ashe ita ma a ruɗe take." Sai ta yi dariya, har ta dafa jakin. "Duk shekarun nan gidan mai warin fata nake tura 'ya'yana!"

Na ce, "To kin gani. Tamu ba ita ake dubawa ba. Ko an sare ta babu wanda zai rasa hanya."

Ta daina dariya. "Majemi fa, ba ya da niyyar sare tasa?"

Ni ba na ƙarya a ciniki, ban kuwa fara a kan Gwaggo ba. Na ce magini ya gaya mini sun fara magana.

"Saye ta."

"Na'am?"

"Kurma ne kai? Ita na nuna wa Yayanka. Ita zai nema. Je ka saye ta, a bar ta a tsaye."

"To in na saye ta, sai in sare tamu?"

"Waccan ta kawo shi unguwa, tamu ta shigo da shi gida. Ka ɗora ni, magariba ta yi."

Na hau tudun nan don in sami damar sare giginya ɗaya, na sauko da biyu a wuyana.

Cinikin da na yi da majemi shi ne mafi muni a rayuwata. Da farko bai gane ba.

"Ka saya, amma ba za ka sare ba?"

"Ba zan sare ba."

"Kuma a gidana za ta zauna?"

"A gidanka."

"Ina shanya fata a gindinta?"

"Shanya abinka."

Ya dube ni, ya dubi giginyar, sai na ga idonsa ya buɗe. Duk ɗan kasuwa ya san wannan kallon: mai kaya ya gane ba ka da inda za ka. Abin da zai karɓa a hannun magini sai ya ninka. Na yi tayi, ya ce albarka. Na tashi kamar zan tafi, bai ko kira ni ba, don yana jin tarin Gwaggo ta bayan katanga. Ƙarshe ya ce jakin nan da ya ga tsohuwa a kai, shi yake so. Aka kira liman ya shaida: giginya tawa ce, ƙasar da take kai tasa ce, ba mai sa mata gatari sai da yardata. Gwaggo ta aiko masa da sabuwar tabarma tukuici, tare da saƙon cewa ya rage jiƙa fata da rana tsaka.

Damina ta faɗi ban rufe shago ba, aka ba wani filin. Na ci gaba da zama a rumfar zana. A kasuwa na zama abin nishaɗi. In na tsananta a ciniki sai wani ya ce, "Haba Mai Sikeli, sassauta mana, ko kana tara na giginya ta uku ne?" Gwaggo kuwa ta koma cin tuwon matata, har tana cewa miyar ta fi ta da.

Ba ta taɓa yi mini godiya da baki ba. Amma shekarar da farashin gyaɗa ya karye na dawo gida ba ni da ko na cefane, sai na tarar an kai tabarminta kasuwa gaba ɗaya, har wadda take kwana a kai, an auno gero. Da na yi magana ta ce ita dama ta fi jin daɗin buzu.

Shekaru suka wuce, aka yi yaƙin Turawa aka gama. Wata rana da hantsi ina zaure ina ware fata, sai ga majemi ya shigo yana haki, yana jan hannun wani dogon mutum mai farar jallabiya da ta sha ƙura.

"Mai Sikeli! Wannan ya yi sallama a ƙofata, wai gidan kakarsa yake nema. Wai an ce masa gidan da ke gindin giginya mai karkataccen wuya."

Baƙon ya gaishe ni da wata irin Hausa mai gauraye da Larabci. Ya ce a Sudan aka haife shi. Ubansa ya tsaya noman auduga don ya tara guzurin komawa gida, ya yi aure, guzuri bai taru ba har ciwo ya kama shi. Kafin ya cika ya ce masa, in ka iso ta gabas akwai tudu, ka hau, ka duba giginya uku, ka nufi ta tsakiya.

Na shigar da shi. Gwaggo na zaune a inda take zama. Ban san yadda zan fara ba, sai na ce, "Gwaggo, ga baƙo."

Ta ce ya matso. Ta shafa fuskarsa, ta kama kunnensa ta riƙe.

"Wannan kunnen na gidanmu ne. Ina ubanka?"

"Allah ya yi masa rasuwa, Kaka."

Ta yi salati a hankali. Hannunta bai saki kunnen ba.

"Ya sauke faralin?"

"Ya sauke, Kaka. Har Madina ya je."

"Alhamdu lillahi. To ba a banza ya tafi ba." Ta juya wajen matata. "Ke, ɗauko abin da aka rage a tukunya."

Sai da ya ci ya ƙoshi, mata suka gama koke-kokensu, sannan ta kira ni.

"Mai Sikeli."

"Na'am, Gwaggo."

"Jakin nan naka, ka ce ƙarfafa ne?"

"Ƙarfafa ne."

"To auna mini shi da wannan."

Majemi da ke raɓe a bakin ƙofa ya ce wallahi da ya san haka ne da jaki biyu ya nema. Ta jefe shi da faifai.

Bayan kwana biyu ita da kanta ta aika aka kira magini. Ta nuna masa giginyar gidanmu da sandarta ta ce, "Yanzu taɓa ta. Ta gama aikinta." Aka sare, aka fasa, azara ta fito yadda magini ya faɗa, ba inda aka yar. Amma ba shago aka rufe da ita ba. Ɗaki aka gina wa ɗan Yaya kusa da nata. Ta ga an yi masa aure, ta ga an haifa masa ɗiya, ta saƙa wa jaririyar 'yar tabarma da idon da ba ya gani sosai, saƙar duk ta karkace. Ita ce ta ƙarshe da ta yi.

Rakiya kuwa ba ta bari ba sai da ƙafa ta ƙi. Ko bayan ta san gaskiya, ta tsakiyar take nunawa. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce ba za ta raba wa 'ya'yanta alama biyu ba.

Da aka yi sadakar arba'in magini ya dawo, kamar yadda ya ce. Wannan karon har da majemi, wanda ya ce shi ba ruwansa, amma in za a sare a gaya masa ya kwashe fatunsa. Magini ya ce azara ta yi tsada bana, giginyar kuma ta tsufa, in iska ta kayar da ita asara ce. Duk gaskiya ya faɗa. Na ce su ba ni zuwa gobe.

Da la'asar na hau tudun ni kaɗai. Ban taɓa hawansa ba rakiya ba, ba gardama ba. Garin ya sauya, rufin kwano ya fara ƙyalli nan da can, ganuwa ta zube ta wasu wurare. Kawunan giginya saura biyu. Na tsaya inda takan tsaya, na lissafa mutanen gidanmu da ke waje: ƙanena a Kano, ɗan baffanmu da ya tafi haƙar kuza bai dawo ba, ƙanwarmu da aka kai aure Borno, da babban ɗana da ke bin jirgi da fata. Kowannensu Gwaggo ta kama kafaɗarsa a nan ta ɗaga masa hannu. Kuma ban san wa suka gaya wa ba.

Washegari na ce wa magini ya nemi azara a wani wuri.

Ga yadda awon ya tsaya. Shago ban samu ba, har yau a rumfa nake. Jaki ya tsufa ya mutu a hannun majemi. Giginya ɗaya ta zama rufin ɗakin da ba ni nake kwana ciki ba, ɗayar tana tsaye a gidan wani ana shanya fata a gindinta. Abin da ya shigo hannuna mutum ɗaya ne mai kunnen gidanmu, da matarsa, da 'yarsa da aka sa wa sunan Gwaggo. Na yi shekaru ina saye ina sayarwa, na san cinikin da aka cuce ni da wanda na yi sa'a. Wannan, da za a maido mini da jakin a ce a warware, ba zan karɓa ba.

Allah ya haskaka kabarinki, Gwaggo. Tana nan tsaye, ta tsakiya, mai karkataccen wuya.